Tsutsar da ta ƙi daina girma

Kwalaben sun iso mini ranar wata Alhamis cikin watan Nuwamba, a aljihun rigar wani direba da ke bin hanyar Kano zuwa Damagaram ta Daura da Matamaye. Guda biyu ne, kowace ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, an toshe bakinsu da auduga. Abokina ne ya aiko, wanda muka yi lise tare, yanzu yana bincike a wata jami'a a kudancin Najeriya. Ya ja wa direban kunne kada ya bari rana ta taɓa su, shi ya sa bawan Allahn ya riƙe su a jikinsa har tasha. Da zai miƙo mini sai ya ɗaga ɗaya sama ya duba, ya ce, "Malam, ƙudaje ne fa a ciki. Su ne saƙon?" Na ce su ne. Ya yi mini fatan alheri, ya koma wajen fasinjansa.

Ni malamin kimiyyar halittu ne. Duk shekara ina tsayawa gaban allo in zana yadda ƙwayar jiki ɗaya ke rabuwa ta zama biyu, biyu su zama huɗu, in rubuta cewa ciwon daji rabuwa ce da ta ƙwace. Yara su kwafe a kaye, su haddace, su ci jarrabawa. Amma lokacin da sankarar mama ta kama Gwaggona, ƙanwar mahaifina wadda ta goya ni, duk wannan karatu bai tsinana mini komai ba a tsakar gidanmu. Aka ce jifa ce. Aka ce kishiya ce. Aka shafe kusan shekara ana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, kuma kafin a yarda a ɗauke ta zuwa Yamai, tafiyar kilomita wajen 900, ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Na yi magana a lokacin, amma maganata ta Faransanci ce da aka juya, ba ni da abin da zan nuna wa kowa. Tun daga rasuwarta nake neman abin da ido zai gani.

Kafin saƙon ya zo, abokina ya ce sai na fara koyon riƙon ƙuda da na gida, don kada in kashe nasa cikin mako guda. Na je Kasuwar Dole wajen masu ayaba da gwaba, na roƙi waɗanda suka lalace. Na murje su a gindin kwalba, na yi mazurari da takarda, na ajiye a bayan ɗakin girki. Washegari kwalba ta cika. Akwai wasu masu farin zane biyu a baya kamar an ja da alli, waɗannan wani jinsi ne daban mai suna Zaprionus, na sake su. Nawa su ne ƴan mitsi-mitsin nan masu jan ido da ruwan ƙasa-ƙasa, tsawonsu kamar milimita 3, waɗanda ke tashi duu idan aka taɓa ɓawon mangwaro. A littafi sunansu Drosophila melanogaster. Duk duniya ana kiwonsu a ɗakunan bincike tun lokacin da Thomas Hunt Morgan ya tsinci wani namiji mai farin ido a Jami'ar Kolombiya ta birnin Niyok a 1910, amma asalin ƙudan ɗan Afirka ne. Masu bincike sun same shi a dajin Zimbabuwe yana rayuwa a kan ƴaƴan wata bishiya da ake kira marula, wadda ba wata ba ce illa danyar nan tamu mai nunu. Ranar da na karanta wannan, sai na ji ƙudan ya zama ɗan gida.

Abincinsa bai ba ni wuya ba: garin masara, sukari, yis na masu burodi, a dama a wuta kamar talge har ya yi kauri, a ɗiga binega kaɗan saboda fumfuna, a zuba a gindin kwalabe a bar shi ya daskare. Inda na sha wuya shi ne zafi. Ƙudan nan yana son awo 25. A haka, daga ƙwai zuwa baligi kwana 10 ne. In an sauka zuwa 18 sai abin ya ninka, in kuwa aka haura 30 mazan sukan daina haihuwa. Ba ni da na'urar daidaita zafi, ko da ina da ita ma kuran ba shi da tabbas. Matata ce ta kawo dabara. Ta ce yadda ake sanyaya tumatir haka za a yi musu: ƙaramar tukunya cikin babbar randa, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kowa ya san tsadar ruwa a garin nan, don haka ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka muke tarawa mu zuba. Na saka ma'aunin zafi a ciki ina rubutawa sau uku a rana. Cikin hunturu abin ya zauna daidai, har da dare sai na ƙara rufe randar da bargo.

Ƙudajen abokina kuwa kallo ɗaya za ka yi musu ka san ba irin na kasuwa ba ne. Fikafikansu a lanƙwashe suke sama kamar bakin akushi. Wannan lanƙwasa alama ce da masu bincike suka ɗaura don a gane su. Kowane ƙuda, kamar kowane mutum, yana da kofi biyu na kusan kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Waɗannan suna ɗauke da wata ƙwayar gado mai suna lgl, kofi ɗaya lafiyayye, ɗaya lalatacce, kuma lafiyayyen yana kan zaren gadon da ke lanƙwasa fiffike. Sunan lgl taƙaitawa ce ta wasu kalmomi masu ma'anar ƙatuwar tsutsa mai mutuwa. Ga su nan suna tashi, suna ci, suna barbara, babu abin da ke damun su. Duk wanda ya san lissafin sikila ya riga ya san abin da zai biyo baya: AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Haka nan ɗaya cikin huɗu na ƙwan da suka saka zai gaji lalataccen kofi ta ɓangare biyu.

Na juye su cikin sabuwar kwalba, na bar su kwana biyu suka yi ƙwai, na cire iyayen, na rubuta kwanan wata a jikin kwalbar, na zauna jira.

Kwana na biyu abinci ya fara motsi. Zuwa na huɗu ya zama kamar gonar da aka yi wa kaftu, tsutsotsi farare suna nutso suna tasowa, baƙin ƙugiyar bakinsu na kai da komowa. Wajen kwana na biyar zuwa na shida suka daina ci, suka hau bangon kwalba, kowace ta nemi busasshen wuri ta tsaya cik, fatarta ta taurare ta zama kwanso mai launin ƙasa. A cikin kwanson ne ake rushe tsutsa a gina ƙuda. Haka aka tsara, kuma haka mafi yawansu suka yi.

Amma wasu ba su tsaya ba. Kwana na bakwai suna yawo. Na takwas suna yawo. Ƴan'uwansu suka fara fasa kwanso suna fitowa da fikafikai, su kuwa suna nan a tsutsarsu, sai ƙara kumbura suke yi. Jikinsu ya yi sheƙi, ya yi garau kamar an ɗura musu ruwa, har kana hango hanjinsu ta fata. Su hau bango kamar za su tsaya, sai su sake gangarowa. Na ɗauki ɗaya da ɗan gashin kaza na ajiye ta kusa da lafiyayya daga wata kwalba, bambancin ko yaro zai gani. Na daɗe ina kallonta a wannan dare da fitilar waya. Babu wanda ya taɓa ta, babu abin da ya shige ta daga waje. Abinci ɗaya suka ci da sauran, randa ɗaya suka kwana.

Fiɗar ita ce ta fi cin lokaci, sai da na ɓata tsutsotsi masu yawa kafin hannuna ya faɗa. A makarantarmu akwai tsohuwar na'urar ƙara girman abu mai ido biyu, wadda yara ke kira lup. Na ɗiga ruwan gishirin asibiti a kan gilashi, na sa tsutsa a ciki, na danne tsakiyarta da allurar insulin ɗaya, na kama ƙugiyar bakin da ɗayar, na ja a hankali. In an ja daidai, kai yakan fito da ƙwaƙwalwa da wasu ƴan fararen abubuwa manne da ita kamar ƴan faya-fayai. Waɗannan faya-fayan su ne jarin ƙudan gobe: wannan zai zama ido, wancan ƙafa, wancan fiffike. Faifan fiffike yana farawa da ƙwayoyi ƴan gomomi a cikin ƙwai, ya yi ta rabuwa har ya kai wajen 50,000, daga nan ya tsaya. A lafiyayyar tsutsa yana da kyan gani ƙwarai, shimfiɗaɗɗe, da ninki-ninki a jere kamar naɗin rawani, na hagu da na dama girmansu ɗaya kamar an auna.

Da na buɗe ƙatuwar, ban gane komai ba da farko. Babu faifai, babu ninki. Wani dunƙule ne kamar an cura fura an yar, ya manne da na kusa da shi, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ƙwaƙwalwar ta yi tsawo ta kumbura, ta ɓata siffa. Na ɗaga kai daga lup ɗin na zauna shiru. Ƙari ne. Na sha karanta shi, na sha zana shi, yau ga shi a bakin allurata, kuma abin da na tuna a lokacin shi ne hannun Gwaggo a kan ƙirjinta tana cewa abin kamar dutse yake.

Abin da na gani an riga ni ganinsa da daɗewa. Tun 1918 wata mai bincike, Mary Stark, ta ba da labarin ƙari na gado a tsutsar ƙudan nan, mutane ba su ba shi muhimmanci ba. A 1967 Elisabeth Gateff da Howard Schneiderman suka nuna cewa lalacewar lgl ce ke haddasa irin wannan ƙari. Gateff ta riƙa yanko ɗan guntun ƙwaƙwalwar tana dasawa a cikin lafiyayyen ƙuda baligi, sai guntun ya ci gaba da girma, ya kutsa cikin sauran gaɓoɓi, ya kashe mai masaukinsa. Wannan shi ne halin ciwon daji sak. Darasin da ya fito daga nan babba ne: akwai ƙwayoyin gadon da aikinsu hani ne, kuma rashinsu ke sakin ciwon. Ni da ɗalibaina muna kiransu linzami. Akwai kuma masu aikin ƙaimi, irin su Ras, waɗanda in sun lalace sukan maƙale suna ta zaburar ƙwayar jiki. A 2003 aka nuna a ƙuda cewa in ƙaimin Ras ya maƙale shi kaɗai, ƙari yakan tsiro ya zauna wuri ɗaya, amma in aka haɗa da tsinkewar linzami irin na dangin lgl, sai ya tashi ya bazu cikin jiki.

Aikin lgl ɗin kansa ya ba ni mamaki da na fahimce shi, domin ba ƙidayar rabuwa yake yi ba. Yana taimaka wa ƙwayar jiki ne ta san samanta da ƙasanta, ta san gefen da za ta jingina da maƙwabciyarta, kamar tubali a jikin katanga. In ta rasa wannan sani sai jeri ya rushe, ƙwayoyi su hau kan juna, kuma saƙon "ya isa haka" da suke karɓa daga maƙwabta ya daina isowa. Hatta ƙin shiga kwanso yana da dalili. A 2012 aka gano cewa faifan da ya samu rauni yakan saki wani sinadari, Dilp8, mai gaya wa jiki a dakata tukuna, gyara bai ƙare ba. Ga faifan da ya ji ciwo na ɗan lokaci wannan rahama ce. Ga mai ƙari kuwa gyaran ba ya ƙarewa, sai tsutsa ta yi ta jira tana kumbura har ta mutu.

Wani zai ce to, ƙuda ne, ina ruwan mutum? Da aka kammala karanta kundin gadon ƙudan a shekarar 2000, ƙwayoyin gado wajen 14,000, sai aka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka san suna jawo cuta a jikin mutum suna da takwarori a jikinsa. Mutum ma yana da nasa lgl, kuma a 2004 aka ɗauki na mutum aka saka wa ƙudan da ya rasa nasa, ya yi masa aiki. Akwai wata ƙwayar gado da aka gano a 2003 aka sa mata suna hippo, wato dorina, saboda ƙudan da ya rasa ta, kansa yakan yi ƙato da tattara kamar na dorinar ruwa. Ita da abokan aikinta ne ke gaya wa gaɓa iyakar girmanta. Da aka kunna takwarar wannan hanya a hantar ɓera, hantar ta kumbura ta ninka girmanta har sau huɗu zuwa biyar, da aka kashe makunnin ta koma yadda take. Daga kan ƙuda aka fara gano wannan.

Sauran aiki ɗaya ya rage da nake son yi da hannuna, wato in ga ko lalataccen kofin zai iya ɓuya a jikin ƙudajen garinmu. Wannan yana buƙatar matan da ba su taɓa haɗuwa da namiji ba, domin macen ƙuda tana ajiye maniyyi ta yi ta amfani da shi kwanaki. Tazarar da kake da ita awa 8 ce kacal daga fitowarta kwanso. Don haka da na dawo sallar asuba sai in zazzage duk manyan da ke kwalba, kafin azahar in dawo in kwashi sababbin fitowa. In ɗora kwalbar a kan ƙanƙara su suma, in zube su a kan farar takarda, in ware da gashin kaza. Namiji ƙarami ne, ƙarshen cikinsa baƙi, yana da ɗan baƙin tsefe a ƙafafun gaba. Sabuwar mace fara ce sol, cikinta a kumbure, da ɗan baƙin tabo a gefe. Zagayen farko ya lalace, wata rana taron malamai ya riƙe ni har la'asar, na kwashe su duk da haka, sakamakon ya fito a cakuɗe, mako biyu suka tafi a banza. Na sake daga farko.

A karo na biyu na haɗa matan abokina da mazan Kasuwar Dole. Ƴaƴan suka fito rabi masu lanƙwasasshen fiffike, rabi masu miƙaƙƙe, duk lafiya lau, babu ƙatuwar tsutsa ko ɗaya. Masu miƙaƙƙen su ne suka gaji lalataccen kofi, amma ba za ka bambanta su da ƙudan kan ɓawon ayaba ba. Na haɗa su junansu. Bayan mako guda da ƴan kwanaki, ga ƙattin tsutsotsin sun dawo suna yawo a bangon kwalba.

Wannan kwalbar na kai aji. Yara suka yi layi, kowa ya leƙa faifan lafiyayya sannan ya leƙa na ƙatuwa. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta daɗe a kan lup ɗin, ta ɗago ta ce, "Mushe, kenan duk wanda uwarsa ta yi ciwon, shi ma zai yi?" Na ce a'a, kuma a nan ne misalin sikila yake tsayawa. Mafi yawan ciwon daji ba gadonsa ake yi ba, na gado bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. A jikin mutum linzaman suna tsinkewa ne ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru, a cikin ƙwayar jiki guda: wani saboda kuskuren kwafi lokacin rabuwa, wani saboda hayaƙin taba, ko ƙwayar cutar hanta nau'in B, ko gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Wanda ya gaji kofi ɗaya lalatacce, irin BRCA1 da aka gano a 1994 mai alaƙa da sankarar mama, yana nan lafiya kamar ƙudajen nan masu tashi, sai dai linzami ɗaya ya rage masa maimakon biyu. Likitan nan Alfred Knudson ya yi wannan lissafi tun 1971 a kan ciwon dajin idon yara. Shi ya sa ake son mai irin wannan tarihi a gidansu ya riƙa zuwa ana duba shi tun bai ji komai ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo na aro lup ɗin na kawo gida, na aika aka kira ƴar Gwaggo ta fari. Ta girme ni, uwar ƴaƴa biyar ce, kuma tana cikin waɗanda suka fi yarda cewa hannu aka sa wa mahaifiyarta. Ban yi mata gardama ba. Na zaunar da ita a tabarma, na ce, "Yaya, leƙa nan ki gaya mini abin da kika gani." Ta leƙa na farko ta ce kamar ɗan kunne. Ta leƙa na biyu ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ya ruɓe ne?" Na ce bai ruɓe ba, da ransa, girma ne ya yi masa yawa. Na nuna mata kwalbar, na nuna mata iyayen suna tashi. Ta tambaye ni wa ya ba wa tsutsar wannan abu, na ce da shi aka haife ta. Ta gyara mayafinta ta ce, "Allah mai iko. Ƙanena, Inna ma haka nata ya yi ta girma."

Ba ta ce ta bar zancen jifa ba, ni ma ban nema ba. Amma kafin ta tafi ta ja matata gefe suka yi magana a ɗaki, kuma ranar Litinin su biyu suka hau adaidaita zuwa asibiti aka duba ta. Likita ta koya mata yadda za ta riƙa taɓa mamanta da kanta duk wata, ta ce ta dawo bayan shekara, ta zo da ƙannenta mata.

Zuwa tsakiyar Maris zafi ya fara fin ƙarfin randa. Ina jiƙa yashi sau huɗu a rana, ma'auni na ta hawa. A Afrilu matan suna ƙwai amma ba ya ƙyanƙyashewa, kwalaben abokina suka mutu ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ranar da zafi ya wuce 43 a inuwa. Na wanke su da ruwan zafi na kife a kwali. Na kira shi na gaya masa, ya ce zai sake aikowa in damina ta wuce, har da masu kan dorina in ya samu. Na riga na yi wa maginin tukwane na unguwarmu maganar randa mai kauri biyu, ya ce in zo bayan Sallah in ɗauka.